Itacen da ya mutu a tsaye

Assalamu alaikum 'yan uwa. A dazuzzukan sanyi na can arewacin duniya, daga Kanada da Alaska zuwa Finland da Saiberiya ta ƙasar Rasha, akwai itatuwan da suka mutu shekaru goma ko ashirin da suka wuce, amma har yau suna tsaye cikin sahun 'yan uwansu. Mai hange daga nesa ba zai ce gawa ce ba.

Gobara kan kashe su, amma sau da yawa wani ƙwaro ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ya huda ɓawo, ya yi ƙwai, 'ya'yansa su cinye siririn naman da ke tsakanin ɓawo da katako, wanda ta nan abinci ke sauka zuwa saiwa. Abin da zai ba ka tsoro shi ne ganyen kan yi watanni yana nan kore shar bayan aikin gama ya gama. Sai daga baya ya yi ja ya zube, ƙananan rassa su bi, ɓawo ya saki, kan itacen ya karye. Haka zunubin da muke rainawa yake: giba kaɗan, tauye mudu kaɗan, jinkirta asuba yau da gobe. Ba ya taɓa rawani da babbar riga, hanyar abincin zuciya yake yankewa.

Can babu gara, sanyi ba ya barin ta, funfuna ce ke aikin ruɓar da mataccen itace. Ita kuwa sai da danshi. Saman itacen yana shan iska da rana, ya bushe ƙamas, ruɓa ta yi ta tafiyar hawainiya. Gindin, daidai inda ya haɗu da ƙasa, kullum a jiƙe yake da gansakuka da narkakkiyar dusar ƙanƙara. Nan ɓarnar take, inda ido ba ya zuwa. Wata funfunar tana cinye zaren da ke riƙe katako, ta bar shi ja yana farfashewa gutsi-gutsi kamar gawayi. Wata kuma ta mayar da shi fari, lugub kamar soso. Akwai itace mai farin ɓawo da mutanen Finland ke kira koivu: ɓawonsa ba ya jin ruwa, don haka cikin ya ruɓe ya zama gari, ɓawon yana nan tas kamar bututu. Ka tura shi da hannu ɗaya ya kife.

Wallahi duk wanda ya san wannan, in ya karanta aya ta 4 a Suratul Munafiƙun sai jikinsa ya yi sanyi. Allah Ya ce in ka gan su jikinsu zai burge ka, in sun yi magana ka saurara, amma kamar gumagumai ne da aka jingine. A hadisin Bukhari da Muslim kuma Manzon Allah (SAW) ya kwatanta mumini da ɗanyar shuka, iska na kwantar da ita tana tashi, munafuki kuwa da itacen arzu, wani ƙaƙƙarfan itace wanda ba ya rusunawa har a tumɓuke shi lokaci guda. Kada mu yi saurin tuno wane da wane. Sayyidina Umar da kansa ya tambayi Huzaifa, sahabin da Manzon Allah (SAW) ya sanar da shi sunayen munafukai, ko shi Umar yana cikinsu.

Masu sarar itace a can ba sa yarda da tsayuwa. Kafin su kusanci mataccen itace sai sun ɗaga kai sun duba ko akwai karyayyen reshe a maƙale, su duba gindi ko naman kaza ya tsiro, don fitowarsa alama ce cewa ciki ya daɗe da ciwuwa. Sannan su buga ƙeyar gatari su saurara: mai lafiya ya amsa da ƙarfi, ruɓaɓɓe ya yi ƙara kamar ganga. Ɗan uwa, buga naka gatarin yau da dare. Sallar da kake yi kai kaɗai a ɗaki, tsawonta ɗaya da wadda kake yi a masallaci? Bashin da mai shi ya manta, ka biya? Yaushe rabon da a karanta Alƙur'ani idonka ya kawo ruwa?