Ginin tunawa da Juarez: wa aka karrama, shi ko Diaz?

Jama'a, a tsakiyar birnin Meksiko, gefen lambun Alameda, akwai wani farin gini mai siffar rabin da'ira da ake kira Hemiciclo a Juarez. An yi shi ne don tunawa da Benito Juarez, shugaban ƙasar daga 1858 har rasuwarsa a 1872. Ni dai a ganina, ginin ya fi ba da labarin wanda ya gina shi, wato shugaba Porfirio Diaz, fiye da wanda aka gina dominsa.

Juarez ɗan ƙabilar Zapotek ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, an haife shi a ƙauyen Guelatao na jihar Oaxaca a 1806. Maraya ne, ya yi kiwon tumaki, kuma sai da ya kai kusan shekara 12 ya shiga birni ya soma koyon Sifaniyanci. Shi ne ya ƙi miƙa wuya lokacin da Faransa ta ɗora Maximilian sarki a Meksiko, har aka harbe sarkin a 1867.

To, da me aka karrama mutumin da ya tsaya wa Turawa haka? Da farin dutsen marmara na Carrara daga Italiya, da ginshiƙai irin na tsohuwar Girka. Guillermo de Heredia ne ya tsara ginin, wani Ba'italiye mai suna Lazzerini ya sassaƙa mutum-mutumin. Juarez na zaune a tsakiya, mata biyu a tare da shi, ɗaya na ɗora masa kambun ganye, ga zakuna biyu a ƙasa. Ka duba duk faɗin ginin, ba ka ganin alamar Zapotek. Gaskiya dai Juarez ɗin ma lauya ne mai baƙar kwat, kuma dokokin da 'yan ɓangarensa suka kawo sun raba ƙauyukan 'yan asali da yawa da filayensu na gandu, don haka ban ce salon ya saɓa masa gaba ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mai ginin. Porfirio Diaz ne ya buɗe shi a watan Satumba na 1910, cikin bikin cika shekara 100 da fara yaƙin neman 'yanci. Diaz ɗin nan fa shi ne ya ɗauki makami ya yi wa Juarez tawaye a 1871, wai don Juarez ya sake neman mulki. Da ya samu kujerar, ya kwashe shekara kusan talatin a kai. Har rumfar ƙarfe mai salon Larabawan Andalus da ke wurin sai da aka ɗauke zuwa unguwar Santa Maria la Ribera don a buɗa wa ginin fili. Wannan ai neman halasci ne da sunan mamaci, tunda mamaci ba ya tashi ya ce bai yarda ba.

Marmaran bai yi masa rana ba. A ranar 20 ga Nuwamba na 1910 juyin juya hali ya ɓarke, a watan Mayu na 1911 Diaz ya sauka, ya tafi gudun hijira Faransa, ya mutu a Paris a 1915.