An bar jaki ana dukan taiki

Ban kama sunan kowa ba. Amma a garin Maradin nan akwai wanda ya sayo na'urar gwajin mota a watan jiya, ya sa aka rubuta masa “injiniya” da jan fenti a ƙofar gareji, yanzu ko sallamarmu ba ya amsawa sai da hanci.

Shekaranjiya wani Alhaji ya lallaɓo mini da Honda ɗinsa, tana tari, tana baƙin hayaƙi, tana shan esansi kamar an huda tanki. Ya ce an riga an duba ta a “wurin masu kwamfuta”. Na'ura ta nuna lambar matsala P0107, sai gwanin ya ce kaftar ɗin MAP, wato ɗan abin da ke auna nauyin iskar da ke shiga inji, ya mutu. Aka sa sabo, aka goge lamba, aka karɓi jikka 35. Kafin Alhaji ya kai Tibiri fitilar inji ta sake kamawa. Ya koma, aka ce wancan jabu ne, a sayo wani.

Malam mai kwamfuta, P0107 ba ta ce maka kaftar ya mutu ba. Cewa ta yi wutar da ke komowa daga gare shi ta yi ƙasa da ƙima. Abin da ya sa ta yi ƙasa, kai za ka nemo shi, shi ne aikin da ake biyanka. Kaftar ɗin da ke auna iskar cikin bututun da ke shayar da inji wayoyi 3 gare shi: mai kawo volt 5, ta ƙasa mai mayar da wuta, da mai mayar da saƙo. Na murɗa makulli ban tayar da inji ba. A haka ya kamata kaftar ya nuna kusan 100 a ma'aunin nauyin iska da ake kira kPa, nauyin iskar waje ke nan, in inji ya tashi yana zaune ya sauko wajajen 30. Ya nuna daidai. Na girgiza dam ɗin wayoyin da hannu, sai lambar ta faɗi ƙasa warwas. Na yaye tef, ga wayar volt 5 ɓera ya ci ta, saura silin tagulla biyu ke riƙe da ita. Da mota ta shiga gargada sai ta saki.

Da ma P0106 ce, mai cewa awon kaftar bai yi daidai da aikin inji ba, da na ce je ka fara laluben tiyon da zafin Afrilu ya tsattsage. To amma wanda ko mitar auna wuta ba ya da ita a akwatinsa, wane lalube zai yi?

Na haɗa waya da dalma, na naɗe, na ce “Alhaji, a ba yara kuɗin shayi.” Ya ce tsohon kaftar ɗinsa fa, mai lafiya? Na ce wannan sai dai ya koma inda aka cire shi ya tambaya, in ba a riga an ɗaura wa wata motar a matsayin sabo ba.