Yadda harafin p ya ja min basir a Ibadan

Shekara ashirin da biyar ina zaman lafiya da harafin f. Fensir muka sani, da famfo, da fasinja, da fakiti. Duk p ɗin da Bature ya kawo mana mun mayar da ita f mun huta. Sai da bautar ƙasa ta kai ni Ibadan na san ashe abin dariya ne.

Ofishin da aka tura ni ba komai cikinsa sai takardu. Fayil kan fayil, tsibi-tsibi, teburina ya cika har an jibga wasu a kan kujerata. Rannan na so in yi ƙorafi cewa tulin ya yi yawa, wato pile of files, sai bakina ya fito da "fayil of fayils". Wata abokiyar aikina ta yi dariya har da share hawaye da gefen gyale.

Abin ya tsaya min a rai. Na koma ɗaki na kunna kyandir na sa shi gaban bakina. A haɗe leɓe, a tara iska, a sake ta lokaci guda. In harshen wutar ya girgiza, to p ta fito. Mako biyu ina "pa, pa, pail" kamar mai tofi, har maƙwabcina ya fara gaishe ni daga nesa.

Ranar gwaji ta zo da kanta. Shugabarmu ta shigo ta same ni a tsaye ina rubutu.

"Kofa, kai kullum a tsaye? Me ya hana ka zama?"

Na gyara tsayuwa, na haɗe leɓe, na saki p mai kyau wadda ko Sarauniyar Ingila sai ta yaba: "Ma, it is piles."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Pẹlẹ, ɗana," wato sannu da Yarbanci.

Ni fa tulin da ke kan kujera nake nufi. Ashe in ka ce piles ka yi shiru, ba ka biyo ta da of ka faɗi tulin mene ne ba, basir ke nan. Da na yi "fayils" ɗina na gado, da ta gane ni sarai.

Washegari na tarar an kwashe takardun, an ɗora min matashi mai laushi. Baba masinja ya ja ni gefe ya miƙo min gorar agbo jedi, tsimin maganin basir na Yarbawa, baƙi wuluk, ya fi maɗaci ɗaci, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Mai abincin bakin ƙofa kuma ta daina zuba min miya mai barkono, wai an gaya mata.

Kwana uku ina tunanin ladabina ne ya jawo min wannan gata, kafin mai dariyar nan ta tambaye ni a hankali ko jinin ya tsaya.

Na yi bayani, ba wanda ya yarda. Wai kunya ce irin ta Bahaushe. Matashin dai ban mayar ba har na gama shekarata.