Kaushin hotunan Brücke ba rashin iya sassaƙa ba ne

Har gobe akwai masu kallon fuskokin da ƙungiyar masu zane ta Brücke ta buga da katako su ce aikin gaggawa ne. Ban yarda ba. Ɗaliban zanen gine-gine huɗu ne suka kafa ta a Dresden ta Jamus a 1905: Kirchner da Heckel da Schmidt-Rottluff da Bleyl, kuma da gangan suka zaɓi kaushin.

A duba yadda aikin yake. Ana zana fuska a kan allon katako, a ƙwaƙule duk inda ake son fari, a bar inda zai ɗauki tawada. Hoton a juye yake fita, dama ta koma hagu. Wuƙa in ta bi tsawon katakon sai ta tafi sumul, in ta gitta shi sai ya tsage. Abin da aka cire ba ya komawa, don haka kuskure ɗaya a fatar ido ya isa ya lalata fuska. Wajen bugu ma haka: tawada ta yi yawa ta cike ƙananan layuka, ta yi kaɗan baƙin ya fito da dabbare-dabbare. Saboda sau da yawa da hannunsu suke bugawa, da wuya kofi biyu su zo iri ɗaya.

Hoton annabin da Emil Nolde, wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar, ya yi a 1912 ya ishe mu hujja. Idanun sun faɗa cikin baƙi, kumatun tsagar wuƙa ce zalla, amma nauyin da ke zuciyar mutumin ya fito fili. Heckel kuwa, a hoton wani namiji na 1919, yanka allon launi ya yi da zarto, ya shafa wa kowane yanki tasa tawadar, ya harhaɗa su kafin ya buga. Wanda bai ƙware ba ba zai iya wannan ba.

Inda nake ganin ana tauye gaskiya shi ne asalin salon. Kirchner ya yi nazarin sassaƙen Kamaru da na tsibiran Palau na tekun Pasifik a gidan tarihin al'adu na Dresden, kayan da aka kwaso daga ƙasashen da Jamus ta mallaka. Ya kamata duk gidan tarihin da ya rataya waɗannan fuskoki ya rubuta hakan a gefensu, da sunan yankin da sassaƙen ya fito.