Dattijon da ya ƙi zama kaset ɗin kansa

Tun daren da muka je kallon Bob Dylan a zauren Royal Albert Hall na Landan, cikin Nuwamban 2024, nake musu da abokin aikina Bature wanda ya ja ni zuwa wurin. Shi cewa yake bai ji abin da ya biya kuɗi ya ji ba. Ni kuwa da za a ce gobe akwai wani, da na sake bin layi. Har yau ba mu daidaita ba, shi ya sa na kawo muku ƙara.

Ga wanda bai san mutumin ba, an haife shi a 1941 a garin Duluth na jihar Minnesota a Amurka, wato a daren nan yana da shekara 83. Da jita da 'yar sarewar bakin nan da ake kira hamonika ya faro, yana waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu da na neman 'yancin baƙar fata. Har ya yi waƙa a babban gangamin Washington na 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa.

Tun daga ƙofa aka sa kowa ya zura wayarsa cikin wata 'yar jaka mai makulli, ka riƙe abarka amma ba halin buɗewa. Wallahi sau biyar ko shida na kama hannuna yana lalubar aljihu. A ciki babu manyan allunan da ke nuna fuskar mawaƙi, fitilun dandamalin ma dishi-dishi kamar na ƙwai. Sai ga dattijo ya lallaɓo bayan fiyano, ba doguwar gaisuwa, kiɗa ya tashi. Nan kam Bahaushen da ke cikina ya ɗan yi tsaki. Mawaƙinmu ai sai ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kansa kirari, kafin a shiga zance.

Muryar ta dushe, ba sai an faɗa ba. Wani wurin kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, wani wurin kuma ta yi laushi har sai ka miƙa wuya. Kusan rabin abin da ya rera daga faifansa na 2020 ne, wanda abokina bai taɓa saurara ba. Da aka zo kan wata tsohuwar waƙa da abokin nawa ya haddace tun yana makarantar sakandare, sai da aka cinye baiti guda kafin ya gane ita ce. An sauya mata kari, an sauya inda ake numfasawa. Ya buɗe baki zai bi, mawaƙin ya riga ya wuce. Ya sake gwadawa, ya tarar shi ne ya yi gaba. Sai ya naɗe hannu a ƙirji, bai kwance ba har aka tashi.

To a nan muka raba hanya. Mu da muka tashi da kaset ɗin Shata a motar haya mun san abin da shi bai sani ba. Wa ya taɓa zuwa wasan Shata yana jiran ya ji waƙa daidai yadda take a kaset? Abin da ya rera a Funtuwa ba shi zai rera a Kano ba. Ya ga wani a cikin taro ya jefa sunansa, ya yar da baiti, ya ƙaro habaici, masu kalangu da 'yan amshi suna biye da shi. A wurinmu waƙa tana bakin mai ita, kaset kuwa hoton rana ɗaya ne da aka ɗauka. Abokina ya juya abin. A ganinsa faifai ne asali, mawaƙin kuma aikinsa ya zo ya kwaikwayi saurayin da yake shekara sittin da suka wuce.

Abin da ya fi riƙe idona ma makaɗan ne. Tony Garnier, mai kaɗa jitar nan mai kaurin amo, yana tare da Dylan tun 1989, amma idonsa bai bar hannun dattijon ba, don ba tabbas inda zai karkata. Wanda ya taɓa zama kusa da 'yan amshi ya san wannan kallon.

Kuma abin dariya, ba yau aka fara yi masa wannan ƙorafin ba. A bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a 1965 ya hau dandamali da jitar lantarki, wasu suka yi masa ihu. A Manchester, ranar 17 ga Mayun 1966, wani ya ƙwalla masa "Yahuza!", wato maci amana, saboda ya bar salon da suka san shi da shi. Ƙarshen wannan watan ya yi wasa a wannan zauren da muke zaune. Waƙoƙin da aka zage shi a kansu a lokacin, su ne yanzu abokina ke fushi an taɓa masa. Na faɗa masa haka, ya ce wannan daban.

Ba zan ƙi ba shi gaskiyarsa ba. Tikitin ba araha, kuma duk shekarun da na yi ina jin Turanci, kalmomi da yawa sun wuce ni. Wanda ya zo rawa ko ya zo tuna budurwarsa ta da, ya yi ɓatan kai. Sai dai mutumin nan tun 1988 yake kan hanya kusan kowace shekara, in ka cire lokacin korona. Ka ce ya rera waƙa ɗaya, murya ɗaya, dare dubu? Ko injin markaɗe ana sauya masa dutse.

Da aka ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016, Turawa suka yi ta cacar baki wai waƙar da ake rerawa adabi ce ko a'a. Mu da jami'o'inmu suka daɗe suna koyar da waƙar baka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, sai kallo.

Waƙar ƙarshe ya ɗauko hamonika ya busa a hankali. Wata tsohuwa a gefena, sandarta jingine da gwiwa, ta cire tabarau tana goge ido da bakin gyalenta. Ya miƙe, ya tsaya yana kallon jama'a ɗan lokaci, ya juya. Aka yi ta tafi, bai dawo ba.

A bakin ƙofa aka buɗe mana jakunkunan waya, ko hoto ɗaya ba mu da shi. A jirgin ƙasa abokina ya lalubo tsohuwar waƙar nan tasa ta faifai, ya toshe kunne ɗaya, ya miƙo min ɗaya igiyar. Ya ce, "Saurara ka ji yadda ake yin ta." Na karɓa na saurara har tasharmu.