Tatsuniya da rana

Ni na kawo shawarar, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ƙaramin laburaren unguwarmu a Zariya ɗaki biyu ne da baranda, in ba lokacin jarrabawa ba ƙadangaru sun fi mutane leƙa shi. Na ce wa shugaban wurin, "Malam, 26 ga Agusta Ranar Hausa ce. Mu tara yara a yi musu tatsuniya da kacici-kacici, ko sa san hanyar nan." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To madalla, kai ne kwamitin."

Na yi lissafina tsaf. Kujerun roba 60 na haya. Zoɓo mudu ɗaya, a jiƙa tun dare da citta da kanumfari, ya cika jarka mai lita 25, a ƙulla a leda rubu'in lita-rubu'in lita, ƙulli ɗari ke nan. Sai na aiki yaro ya yi sanarwa a islamiyyu biyu, na kuma ce ya ambaci zoɓon. Jama'a, kada wanda ya kuskura ya sa abin sha a sanarwar yara. A 180 na daina ƙirga. Kujerun kuwa manya 'yan rakiya suka mamaye su, sai tabarmi muka aro a masallaci. Ashe su ya kamata in nema tun farko, doguwar tabarma ɗaya tana kwashe yara goma sha biyar ba ko sisi.

Mai tatsuniyar wata Gwaggo ce, ƙanwar mahaifin abokina, daga cikin birni wajen Ƙofar Gayan. Na sa taro ƙarfe huɗu da rabi, bayan La'asar. Kafin ta iso na ɗauki makirfo in gwada, maimakon in ce "ɗaya, biyu" sai na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara suka ɗauka gaba ɗaya, "Ta zo mu ji ta!" Daɗi ya kwashe ni, na shiga labarin Gizo da Ƙoƙi ina takawa, har na gifta ta gaban lasifika. Ta saki wata ƙara da ta tashi jariran da ke goye. Ƙa'idar kuwa ba wuya: lasifika ta fuskanci jama'a, mai magana ya tsaya bayanta da taku uku ko huɗu, don in makirfo ya ji muryar lasifika sai su yi ta mayar wa juna. Na san haka sarai, Gizo ne ya ɗauke mini hankali.

Ina juyowa na ga Gwaggo a bakin ƙofa, ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, da rana? Ba a gaya maka mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi ba?"

"Gwaggo, ai wannan camfi ne."

"To kai da ka yi boko ci gaba. Ni bakina ba zai buɗu ba sai an yi Magariba."

Ta nemi kujera ta ciro goronta. Rana kuwa a ƙarshen Agusta sai bakwai saura take faɗuwa. Awa biyu da ɗoriya ke nan, ni da yara 180.

Na kunna majigi in nuna musu hotunan ganuwa da ƙofofin gari, Ƙofar Doka, Kuyambana, Kona, Tukur-Tukur. Bango ya yi fari fat, don hasken taga ya fi ƙarfin majigin. Muka rataya zannuwa a tagogi, hoto ya fito, iska ta tafi. Ina zufa ina ba su tarihin yadda aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, wata 'yar yarinya ta ɗaga hannu. Na ce alhamdulillahi, an samu mai tambaya. Ta ce, "Malam, yaushe za a raba zoɓon?"

Muka koma kacici-kacici, a nan aka yi mini tsirara. Na jefa musu "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", kafin in rufe baki sun ce tsintsiya. "Baba na ɗaka gemu na waje", hayaƙi. Da nasu ya zo kuwa, wani ɗan tsito mai giɓi ya riƙa jero waɗanda ban taɓa ji ba, duk wanda na kasa sai ya ce, "Ba ni gari!" Na ba shi Kano, na ba shi Kaduna, Katsina ta tafi, Gusau ta bi ta. Ya ce shi Zariya yake so. Na ce wannan kam ko sama da ƙasa za su haɗu.

Ana kiran Magariba hadari ya haɗo daga gabas, aka ɗauke wuta. A nan dai na shirya. Ɗan ƙaramin janareton nan ne mai ɗaukar wat 650, wanda ake haɗa masa fetur lita 4 da baƙin mai mililita 80. Majigi wat 300, amfilifaya 150, ƙwan fitila huɗu 60, jimla 510, da sauran numfashi. Ya tashi a ja na biyu. Minti biyar ba a yi ba ya yi wani nishi kamar rago ya ga wuƙa, ya mutu. Na bi waya da fitilar hannu har baranda, na tarar maigadi ya jona butar lantarki zai dafa wa Gwaggo shayi. Butar nan ita kaɗai ta haura wat 1,500. Na ja igiya har kafaɗata ta amsa, janareto ya ce shi ya gama aikin yau.

Cikin duhun nan, ruwa na dukan kwano, sai muka ji muryar Gwaggo ba makirfo ba komai: "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran da suka wuni suna hawa kaina suka yi tsit, in ta yi muryar Gizo da tsamin bakinsa su fashe, in ta ja waƙa su amsa. Uku ta yi, ta rufe da ƙurunƙus. Zoɓon ma sai da aka tuna musu, aka raba ƙulli ɗaya mutum biyu.

Bayan Isha na raka ta a keke napep har inda lungu ya hana shi shiga, muka ƙarasa a ƙasa. A dawowa ne lungunan birni suka zama iri ɗaya. Ni haifaffen Tudun Wada, sau uku ina wuce teburin mai shayi guda, a na ukun har ya daina amsa sallamata. Can na ji an ce, "Malam!" Na haska, sai ga ɗan giɓin nan a ƙofar wani zaure, da ledar zoɓo a baki.

Na ce, "Yaro, ina hanyar Ƙofar Doka?"

Ya ce, "Ba ni gari."

Na ba shi Zariya.