Imelda May: tuƙƙun gashi ta sauke, ba sana'ar ba

Har yanzu akwai masu jin haushin mawaƙiyar Ayilan Imelda May saboda abin da ta yi a 2017, wai ta ci amanar kiɗan rokabili tunda ta sauke tuƙƙun nan nata mai farin zane a goshi, ta koma waƙoƙi masu sanyi. Ni ban yarda da su ba. Wanda ya faɗi haka, ado yake kallo, bai saurari yadda ake haɗa kiɗan ba.

An haife ta a 1974 a unguwar Liberties da ke Dublin, babban birnin Ayilan, ita ce autar 'ya'ya biyar. Tun tana shekara 16 take waƙa a gidajen rawa na birnin. A 1998 ta koma Ingila, ta yi shekaru tana yi wa ƙungiyoyin wasu waƙa, ciki har da ta Mike Sanchez. Kundinta na farko ya fito a 2003 da sunanta na gida, Imelda Clabby, bai yi wani tashe ba. Sai a 2008, da kundin Love Tattoo da fitowarta a shirin talabijin na Jools Holland a BBC, duniya ta waiwayo ta. Lokacin tana da shekara 34. Kusan shekara 18 ke nan tana gogewa a ƙananan wurare, inda idan muryarka ba ta fi surutun jama'a ba, babu mai juyowa ya kalle ka.

To mene ne rokabilin? Kiɗa ne da ya taso a kudancin Amurka, musamman a sutudiyon Sun na Sam Phillips a Memphis, inda Elvis Presley ya yi faifansa na farko a 1954 da mutum biyu kacal, mai jita da mai babban bas na tsaye. Ko ganga babu. Wannan ƙarancin kayan kiɗa shi ne asalin abin, kuma shi ne wahalarsa.

Nauyin ganga yana kan mai bas. Ba taɓa tsirkiya yake yi a hankali ba: yana saƙala yatsu a ƙarƙashinta, ya ja ta waje, ya sake ta ta bugi katakon wuyan, sannan ya mari tsirkiyoyin da tafin hannu sau ɗaya ko biyu ko uku kafin sauti na gaba. Sai ka ji abu biyu a tare, gurnani a ƙasa da ƙas-ƙas a sama. Dole a ɗaga tsirkiyoyin su yi nesa da katako don yatsu su sami wurin shiga, kuma yawanci ana sa na hanji ko na roba, domin na ƙarfe sun yi tauri, kafin a gama wasa hannu ya yi bororo. Da yawa suna liƙa na'urar ɗaukar sauti biyu, ɗaya a gadar tsirkiya don gurnanin, ɗaya a bayan katakon wuya don ƙas-ƙas ɗin. Inda ake ɓata lamari shi ne idan aka sa mai ganga kuma ya cika bugu. Sandarsa da marin mai bas suna faɗowa wuri ɗaya, sai su cinye juna, kiɗan ya dagule. Ku saurari farkon waƙarta Johnny Got a Boom Boom, ku ji yadda aka bar wa bas fili shi kaɗai kafin sauran su shigo.

Sai amsa-kuwwar da ake ɗora wa murya da jita. A da, da na'urar tef ake samar da ita: sauti ya shiga ta kan da ke naɗa, ya fito ta kan da ke karantawa, ɗan tazarar da ke tsakaninsu ta jinkirta shi kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan. Maimaici ɗaya tak ake so. Idan aka tsawaita jinkirin ko aka bar shi ya maimaita sau uku ko huɗu, kalmomi sai su hau kan juna, a daina gane abin da mawaƙi ke faɗa. Jitar kuma mai rami ce a ciki, irin ta Gretsch, wadda idan aka ƙure mata sauti kusa da lasifika sai ta kama kuka da kanta. Darrel Higham, wanda ya kasance mijinta kuma mai jitarta, ya san iyakar da ake tsayawa.

A irin wannan fili mawaƙiya ba ta da maɓuya. Babu tarin kayan kiɗa da zai rufe mata kuskure. Abin da Imelda ta iya shi ne sauya murya cikin layi ɗaya: ta fara da raɗa, ta kurɓe ta da gurnani daga maƙogwaro, ta tsinke kalma da ɗan shaƙuwar nan ta rokabili, sannan ta dawo daidai kan bugu. Gurnanin yana da haɗari. Wanda ya matse maƙogwaro ya tura shi da ƙarfi, maimakon ya tallafe shi da numfashi daga ciki, muryarsa za ta dishe kafin rabin wasa. Mawaƙiyar rokabili ta Amurka Wanda Jackson ta yi wannan tun shekarun 1950, kuma Imelda ba ta ɓoye cewa daga irinsu ta koya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta zama 'yar kwaikwayon Amurkawa ba. Takan hau dandamali da bodhrán, gangar Ayilan mai fuska ɗaya da ake rufewa da fatar akuya. Ana buga ta da ɗan guntun sanda, ɗaya hannun yana ciki yana danna fatar don sauti ya hau ko ya sauka, kusan yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Kuma yawancin waƙoƙinta ita ke rubuta su.

A 2010 ta yi waƙa tare da makaɗin jita Jeff Beck a bikin kyaututtukan kiɗa na Grammy don karrama marigayi makaɗin jita Les Paul, a shekarar kuma kundinta Mayhem ya fito ya hau na ɗaya a jadawalin kundaye na Ayilan. A ganina shi ne kundinta mafi kyau, ya fi Tribal na 2014, wanda ƙarar jita ta ɗan cike filin da nake magana a kai. Kuma a cikin Mayhem ɗin ne ake samun Kentish Town Waltz, waƙa mai sanyi kan zaman talauci da miji a Landan. Ashe sanyin da ake zarginta da shi a 2017 yana nan tun shekara bakwai kafin nan.

Aurenta ya mutu a 2015. Bayan shekara biyu ta fitar da kundin Life Love Flesh Blood, wanda T Bone Burnett ya tsara. Marin bas ya tafi, amsa-kuwwar ta ragu, amma ku saurari waƙar Black Tears da kunnen basira: kayan kiɗa kaɗan ne, murya ce a gaba tsirara, jitar Jeff Beck tana jira sai ta yi shiru kafin ta amsa. Tsarin Memphis ke nan, an rage masa gudu kawai. Mace mai shekara 42 da ta rabu da mai jitarta, a ce lallai ta ci gaba da waƙar samartaka da kayan 1955, wannan ba ƙaunar kiɗa ba ce. A 2021 kundinta 11 Past the Hour ya sake hawa na ɗaya a Ayilan, a shekarar kuma ta buga littafin rubutattun waƙoƙinta.